Abin da Ya Hana Mu Kai Innarku Kano

Bashir, Hadiza, Nafisa, wannan babin ku na rubuta wa, kuma shi ne na fi daɗewa ina kewaye shi. Na rubuta yarintata a Bungudu, na rubuta shekarun da na yi ina malamin dabbobi ina bin rugage a kan babur, duk ban sha wahala ba. Da na iso shekarar da Innarku ta kwanta sai na ajiye biro har wata biyu. Kun san ciwon da ya ɗauke ta, kun san ranar, kun kuma san ni ne na hana a kai ta Kano. Wannan na ƙarshen ne ba ku sani daidai ba, kuma da gangan na bar ku a haka shekara shida.

A farkon damina abin ya soma. Wata safiya tana miƙo mini kunu a tsakar gidanmu na Damba, hasken hantsi ya faɗa mata a fuska, na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Na ce ta ɗaga kai in duba, ta yi dariya ta ce ita ba akuya ba ce. Duk wanda ya gan ta cewa yake shawara ce. Gwaggonku Kulu ta aiko da jiƙo daga Bungudu, ta sha shi mako uku tana yamutsa fuska, idon bai washe ba. Sai ƙaiƙayi ya biyo baya, tana sosa hannu da ƙwauri da bayan mataji har fatar ta fashe. Sai ciwon baya, wanda ba ya barin ta miƙe, ta zauna a kan tabarma ta rungume matashi ta duƙa gaba. Ta bar tuwo, ta bar nama, har danwaken da take so ta ce warinsa na tayar mata da zuciya. Ranar da na ga ta ɗaura zani ya zagaye ta har ya yi saura, gabana ya faɗi. Na daɗe ina duba masu rai marasa baki, na san bambancin jikin da ciwo ya ziyarta da jikin da ciwo ya zauna a ciki. Ban gaya wa kowa ba, na dai ce gobe asibiti.

Sun ɗebi jini, sun yi hoton ciki, suka sake tura mu wani hoton da ya fi shi girma. Ranar karɓar sakamako mu uku muka je, da Hadiza. Likitar wata yarinya ce 'yar Filato, Hausa a bakinta kamar a nan aka haife ta. Ta ce Hadiza ta raka Innarku a auna nauyinta, ni in ɗan tsaya. Da ta rufe ƙofa ta jawo kujerarta kusa da tawa, a nan na san ba alheri.

"Baba, ciwon daji ne," in ji ta. "Yana jikin wata tsoka da muke kira fankiriyas, a bayan tumbi take kwance."

Na san tsokar. Shekara da shekaru ina duba nama a kwata, 'yar aba ce mai laushi wadda mahauta ko kallon ta ba sa yi. Na ce to a yi aiki a cire mana.

"Ya riga ya taɓa hanta, Baba. Aiki ba zai yiwu ba. Akwai maganin da ake sakawa ta jijiya, kemo, sai an je Kano ko Sakkwato. Ba ya warkarwa. Yana iya ƙara mata ɗan lokaci, yana kuma iya wahalar da ita sosai, musamman yadda jikinta ya yi rauni."

Na tambaye ta lokacin nawa ne. Ta ce sanin wannan sai Allah, amma abin da suka saba gani watanni ne, ba shekaru ba.

Na fito da takardar a aljihu, na tsaya a baranda na kasa tuna inda na ajiye mota. Innarku na zaune a benci tana gyara mayafi. Ta ɗago ta ce, "Mi tac ce?" Na ce shawarar ce ta yi ƙarfi, sai an dage da magani. Ban shirya ƙaryar ba, ita ta fito da kanta. Shekara talatin da takwas muna tare ban taɓa yi mata irin ta ba.

Bayan kwana biyu muka zauna a zaure: ni, da kai Bashir da ka taso daga Kaduna tun asuba, da Hadiza, da Kawunku Garba, yayan Innarku, wanda ya zo daga Tsafe. Na karanta muku abin da ke takardar. Hadiza ta toshe baki da mayafi don kada a ji ta daga ciki. Kawu Garba ne ya fara magana.

"Kak kowa ya hwaɗa mata. Mutum in ya ji sunan wanga ciwo, sunan ka kashe shi kahin ciwon. A bar ta da shawara."

Kowa ya yarda. Aka kuma ce ke ma Nafisa kada ki ji, don lokacin kina Bungudu gidan mijinki da cikin wata shida, bayan ɓari biyu da kika yi. Kai Bashir ka ce za ka nemo likita a Kano, a gaya mata gwaji ne kawai za a je yi. Sannan ka juyo ka dube ni.

"Baba, kai ne kake tare da ita kullum. Ka yi mini alkawari ba za ka gaya mata ba."

Na yi maka alkawari.

Kwana goma sha tara na riƙe shi, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu nauyin su ba. Na ɓoye takardar a tsohon akwatin allurar dabbobi, na sa kwaɗo, duk da haka in ta nufi wajen sai in ji numfashina ya tsaya. In waya ta yi ƙara sai in fita ƙofar gida in amsa. In maƙwabta suka shigo dubiya ina tsaye a kansu, ina tsoron wani ya ji ƙishin-ƙishin ya yi suɓul da baka. Na koyi dama kunun gyaɗa a wajen Hadiza, na farko ya yi gudaji, na biyu ya ƙone, ta sha cokali uku don kada in ji kunya. Na yanke mata farce don ta daina ji wa kanta rauni, ina shafa mata man kaɗanya a baya da ƙafa. Kowace safiya ina duba idonta da wuyan hannunta a sace, ina auna abin da ya ragu. In ta yi barcin rana sai in tsaya a bakin ƙofa ina kallon zanen da ta rufa da shi, in ga ko yana motsi. A masallaci liman zai sallame ban san raka'a nawa aka yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne ta ci gaba da shirin gaba: ta ce in an yi kaka a saya mata gyaɗa buhu biyu, ta ce baɗi za ta sake rufin ɗakin girki. Ni kuwa ina cewa to, to.

Rana ta goma sha tara, bayan azahar, hadari ya haɗu bai zubo ba. Hadiza ta koma gidanta ta duba yara. Na ɗauki tsintsiya ina share ganyen da iska ta zubar, Innarku na jingine da bango a kan tabarma.

"Malam, aje tsintsiyar ga ka zo ka zamna."

Na zauna.

"Tun da anka kawo ni gidanka ban taɓa ganin ka da tsintsiya ba. Kuma na san huskar ga taka. Ita kaka dawowa da ita in ka je duba saniyar da ba ta tashi. Kana shigowa nika sanin ta mutu ko ta kusa. To yau kwana nawa kana kallona da ita. Ka ji tsoron Allah ka hwaɗa mani."

Na so in sake cewa shawara. Bakina ya ƙi. Na tuna alkawarinka Bashir, na tuna shi sarai, kada ka ce mantawa na yi. Amma mace ce da ta haɗa ni da Allah a kan ranta, kuma ran nata ne. Na gaya mata duka, yadda likita ta gaya mini, ban rage ba. Ta yi salati tana kallon ƙafafunta. Ni ne na fashe da kuka, ita ta miƙo mini gefen mayafinta. Da na natsu sai ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai cinikin hatsi. Wata nawa? Zafin zai ƙaru? Akwai abin da ke rage shi a nan Gusau? Shi maganin Kanon me yake yi wa mutum? Na ce amai, da kasala, da zubar gashi, da zaman asibiti, a dawo a sake komawa. Ta ce in an sha duk wannan ana tashi? Na ce a'a.

"To ba ni zuwa."

Ina so ku ji wannan da kyau: na roƙe ta. Ni da kuke cewa na hana, na durƙusa a kan tabarmar nan na ce ko wata ɗaya aka ƙara mana ina so. Na ce likitoci ma mutane ne, suna kuskure. Na ce ta dubi yara. Mun kai la'asar muna wannan, muka sake washegari, muka sake jibi. Har fushi na yi, na ce son kai ne. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

"Malam, ɗan abin da yar rage mani ba shi da yawa. Ba ni kai shi Kano in zubar a kwano. Ina son in ga Iya da ƙahwata. Ina son in riƙa abin da Nafisa za ta haihwa da sauran ƙarhi a hannuna. In na tai can, ko ɗaya ba ni samu."

Sai ta ɗora mini abin da ya fi wannan nauyi. Ta ce kada in gaya muku ta sani. Na ce wannan kuma don me?

"In sunka san na sani, zama za su yi gabana suna kuka, in koma ni ka lallashi. Nafisa na ganin huskokinsu ta gane. Yanzu kuwa suna shigowa da dariya suna yi mani ƙarya, ni kuma ina jin daɗin ta. Sannan Babba in ya durƙusa ya roƙe ni, ba ni iya ce mashi a'a, ka sani. Kai za ka ce mashi. Ka ce kai ka hana."

Babba take kiran ka Bashir, don ba ta faɗar sunan ɗan fari. Na ce mata zai tsane ni. Ta ce uba yana iya ɗaukar wannan, ita ba ta da lokacin ɗauka. Na yi mata alkawari, na biyu ke nan a cikin wata guda, kuma kowanne yana cin ɗan'uwansa.

Ranar Asabar ka iso da mota, ka ce an samu likita, Litinin za a gan ta. Ka shiga ka gaishe ta kana fara'a, ka ce gwaji ne ɗan ƙarami, ta ce Allah ya yi maka albarka. Muka fito zaure, Kawu Garba na nan. Tun safe nake maimaita abin da zan faɗa, da lokacin ya zo kalma huɗu kawai na iya.

"Ba za ta ba."

Ka ɗauka ba ka ji daidai ba. Na ce na yi tunani, jikinta ba zai ɗauki hanya da maganin ba, a bar ta a ɗakinta. Ka kawo hujja, ka kira likitan a waya ka miƙo mini na ƙi karɓa. Kawu Garba ya ce shi ma ƙanwarsa ce, yana da ta cewa. Na ce matata ce, na gama magana. Ban taɓa yi wa surukina irin wannan maganar ba. Sai ka miƙe, idonka ya yi ja, ka ce:

"Baba, Inna ba saniya ba ce da za ka duba ka ce ba ta tashi a bar ta."

Ba don in kunyata ka na rubuta wannan ba. Da ni ne a matsayinka da na faɗi abin da ya fi shi. Na buɗe baki in gaya maka gaskiya, wallahi ta zo har kan harshena, sai na ji tarinta daga ciki. Na haɗiye ta. Ka shiga mota ka tafi ko ruwa ba ka sha ba. Kawu Garba ya sa takalmi bai yi mini sallama ba, kuma har ya koma ga Allah gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Mako na gaba na kai ta Tsafe wajen Iya, kakarku. Kun san yadda hanyar take a shekarun nan. Na jira hantsi ya ɗaga, motoci sun yawaita, na sa mata matasai a kujerar baya, na ba ta maganin zafi kafin mu tashi. Duk inda daji ya matso kusa da titi sai in ƙara damƙe sitiyari. Tsoro biyu nake ji, na abin da zai iya fitowa daga daji, da na ramin da zan faɗa ya girgiza ta. In na rage gudu ina tsoro, in na ƙara ina tsoro. Ita kuwa gonaki take kallo, tana cewa dawar bana ta yi kyau. Iya ta riga ta makance lokacin. Ta kama hannun 'yarta tana shafawa daga wuyan hannu har kafaɗa, ta daɗe, sannan ta ce, "Ma'u, ina sauran ki?" Innarku ta ce shawara ce, tana sauƙi. Tsohuwar ta jawo kan 'yarta ta ɗora a cinya kamar yarinya, ta shiga tsefe mata kitso da yatsu. Na fita na bar su. Da za mu taso Innarku ta nemi gafararta, Iya ta ce ta yafe duniya da lahira, kuma ba ta tambayi dalili ba.

Daga nan kwanakin suka koma na jira. Likitar nan ta rubuta mana maganin zafi mai ƙarfi, ta koya mini yadda ake ba da shi a kan lokaci, kada a jira sai ciwon ya taso. Na zana awoyin a bangon ɗaki da alli. Kullum ina lissafin watan Nafisa ina lissafin jikin Innarku, ina ganin kamar ɗaya ba zai jira ɗaya ba. Akwai makon da ta kasa riƙe ko ruwa, na ce shi ke nan, na cuce ta, da na bar Bashir ya kai ta. Na gaya mata haka. Ta ce in daina ba ta aiki, ba ta da ƙarfin lallashina. Hadiza, ke kin fi kowa wahala a lokacin, kina wanki kina girki kina yi mata hirar bikin da za ku je tare bayan Sallah. In kin fita sai ta ce, "Ɗiyar ga ba ta iya ƙarya ba, kunnenta ka yin ja." Kai kuma Bashir kana zuwa duk mako biyu da kwalaye na madara da magungunan ƙarin jini, ka wuce ni a zaure da gaisuwa a taƙaice.

Nafisa ta sauka ana yankan gero. Na ɗauki Innarku a hannu na sa ta a mota, ba ta fi nauyin yarinya ba, muka tafi Bungudu. Aka jingina ta da bango, aka ɗora mata jaririyar a cinya, ni ina tallafe da gwiwar hannunta ta baya don kada a ga yana rawa. Ta yi mata addu'a a kunne, ta tauna dabino ta shafa mata a baki. Nafisa, kin ce mata, "Inna, kin rame da yawa," ta ce miki ai ke kika kwashe ƙibar gidan. Aka yi dariya. A hanyar dawowa ta ce mini ta gama. Bayan suna da kwana ashirin da uku ta cika, ranar Talata da walaha, a ɗakinta, ni da Hadiza muna gefenta, kalmar shahada a bakinta.

Na san za ku ce me ya hana ni magana bayan an yi bakwai, ko arba'in. Na yi niyya. Amma da na ga yadda kuke ta'azantar da junanku da cewa aƙalla ba ta san abin da ke cin ta ba, ta tafi hankali kwance, sai na kasa ƙwace muku wannan. Shekara ta bi shekara, maganar ta ƙara nauyi. Akwai kuma tsoro, ba zan ɓoye ba: in na faɗa, Bashir zai san na karya alkawarinsa bayan kwana goma sha tara kacal. Bara da hawan jini ya kayar da ni a ƙofar masallaci na gane in na ci gaba da jira, da maganar za a binne ni.

Saura abu ɗaya. Ranar Asabar ɗin nan da ka tafi cikin fushi, Bashir, duk abin da aka faɗa a zaure ta ji. Na shiga na same ta zaune a bakin gado, hawaye na zuba, amma murmushi take yi.

"Ka ji yadda yaka hwaɗa da ubanshi sabo da ni?" in ji ta. "Ka yi haƙuri da shi, Malam, ni na jawo maka. Wata rana in ka ga ya iya ji, ka hwaɗa mashi ba don na gaji da su na ƙi zuwa ba. So nike in zamna in gan su."

To na faɗa. Ban nemi ka ce na yi daidai ba, ni kaina har yau in na tuna makon da ta kasa shan ruwa ban sani ba. Shekara shida ke nan in ka zo Gusau a ƙofar gida kake gaishe ni, injin mota na kunne, yara na leƙowa ta taga. In ka zo Sallar bana ka kashe motar. Ka shigo ciki, ka tambaye ni duk abin da kake so, zan amsa maka.